Littafi Ɗaya, Rassa Goma: Nasiha Ga Matasan Arewa Masu Riƙe Na'urorin Kamfani

Ƙannena maza da mata na ƙasar Arewa, ku da kuka karanci kwamfuta a jami'ar Doso ko a Yamai ko Maraɗi, da ku da kuka koya da hannu a rumfar gyaran salula, da ku nake. Akwai aikin da ya fara nemanku, kuma da yawanku za ku shige shi ba wanda ya gaya muku nauyinsa. Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum 600,000 tun ƙidayar 2012, kuma kasuwancinsu ya soma yin rassa. Mai shagon magani da ya fara da ɗaki ɗaya a Dutsi yana buɗe na biyu a Matankari, idonsa na kan Kore Mairuwa. Mai taki da iri yana da mangaza a Tibiri, wata a Gesheme. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana sun saba wa mutane da zuba kuɗi a Yamai a karɓa a Dutsi nan take, duk ɗan kasuwar da ya ga haka kuwa yana son irinsa, sai ya aika a nemo masa yaron da ya iya kwamfuta. Idan kai aka kira, ko ke, to nasihata guda ce. Abin da aka danƙa maka shi ne littafin kamfani, wato lissafin abin da ya shigo, da abin da ya fita, da bashin da ke waje. Na'ura hidima take yi wa wannan littafi. Gwaninta ita ce ka gina tsarin da littafin zai zauna ɗaya, mai gaskiya, kuma a iya dawo da shi ranar da wuta ta ɗauke, ranar da rezo ya faɗi, ranar da na'ura ta mutu, da ranar da kai kanka ba ka nan.

Shago ɗaya idon maigida ne ke tsaronsa. Yana zaune bakin ƙofa, ya san buhu nawa ya rage, ya san wanda ya ci bashi bai biya ba. Da zarar shago ya zama biyu ido ya kasa, sai rubutu, kuma a nan ɓarna ke farawa ko ba a yi sata ba. Reshen Dutsi ya rubuta magani da sunan da ke jikin kwali, na Matankari ya rubuta shi da sunan da mutane ke kiransa, sai kaya ɗaya ya zama biyu a lissafi, a sake sayo abin da ke jibge a ɗaki har kwanansa ya ƙare. Mutum ya ci bashi a Tibiri, ya zagaya Gesheme ya sake ci, domin can ba a san da na farko ba. Rassan da ke kusa da iyakar Kebbi suna karɓar naira, kuma wanda ya ga yadda ta zube a gaban sefa tun Yunin 2023 ya san cewa idan kowane reshe zai yanka wa kansa farashin canji, riba na iya narkewa tsakanin hantsi da la'asar. Maganin wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Kowane kaya ya samu lamba ɗaya da suna ɗaya a duk rassa, farashi da canji su fito daga hannu ɗaya, mai cin bashi kuma shafinsa ɗaya ne ko daga ina ya ɗauki kaya. Teburin Excel da ake ta turawa a WhatsApp kowa na gyara nasa ba zai ba ka wannan ba, don bayan wata guda littafi biyar za ka tarar, kowanne da nasa jimilla. Kafin ka sa a sayi ko waya ɗaya, zauna da maigida da masu riƙe rassa ku daidaita sunaye da ma'auni, tiya ce ko kilo, kwali ne ko ƙwaya. Zama ne mai gajiyarwa, kuma shi ne rabin aikin.

Za a ce maka, kuma manya ne za su faɗa, iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja ba kwamfuta, amana ce ta riƙe su, masu riƙe rassan nan kuma ƙannen Alhaji ne da ƴaƴan ƴan'uwansa, sa musu ido da na'ura zargi ne. Kada ka raina maganar, domin babu manhajar da za ta shirya mutumin da ya yi niyyar ci. Amma tuna musu cikin ladabi cewa ayarin goro mai zuwa Salaga yana tafiya da madugu da jagaba da malami mai rubutu, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wajen ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Mutum mai gaskiya rubutu yake fara karewa. Dubi yadda ake yi a shaguna da yawa: kalmar sirri ɗaya ce, an manna ta a gefen allo, mutum huɗu na shiga da ita. Ranar da jika 50 ta ɓace a akwati, wa za a tambaya? Kowa abin zargi ne, zargin kuwa kan ƙarami yake faɗawa, yaron da ba shi da mai tsaya masa. Idan kowa da sunansa yake shiga, mai sayarwa ba ya iya goge rasit, mai riƙe reshe yana iya soke ciniki amma sai ya rubuta dalili, kuma kowace magariba ana ƙirga kuɗin akwati a gwada da abin da na'ura ta ce, mutum biyu su sa hannu, to kuskuren yau a yau za a gan shi yana ƙarami. Zumunci da yawa ya lalace a kasuwa saboda lissafin da aka bari ya shekara.

Idan an daidaita littafi sai a tsare shi, kuma abokiyar gaba ta farko wuta ce. Kafin 2023 Nijar tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin wannan shekara Najeriya ta yanke ta a farkon Agusta, ba ta sake ba sai Maris na 2024. Wanda ya ga waɗannan watanni bakwai bai kamata ya sake kafa tsarin da ke jingine da wutar kamfanin lantarki na NIGELEC kaɗai ba, balle a reshen ƙauye inda layin bai kai ba tun asali. Ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Kwamfutar tebur da allonta tana iya shan wat 150 ko fiye, kuma da wuta ta ƙifta ta mutu, wani lokaci ta tafi da cinikin da ake tsakar rubutawa. Ta hannu ba ta cika wuce wat 60 ba, ga batirinta a ciki. Akwatin intanet wat 10 ne ko kusa. Ke nan farantin sola matsakaici da batir mai kyau sun riƙe teburin ciniki wuni guda, kuma sun fi sauƙi a kan janareto mai shan mai kullum. Sai ka kula da abin da ƙasarmu ke yi wa kaya. Da bazara zafi na wuce digiri 40, batirin dalma kuwa duk ƙarin kimanin digiri 10 bisa 25 yana raba kwanansa biyu, don haka wanda aka ajiye ƙarƙashin kwano ba iska ba zai kai labari ba. Da hunturu ƙura na toshe fankar na'ura har ta riƙa kashe kanta. Da damina tsawa na bin waya ta ƙone abin da ta tarar. Rubuta ranar saye a jikin kowane batir, ka sa ranar hure ƙura a kalanda, ka koya wa mai riƙe reshe ya zare waya idan hadari ya haɗo.

Sai rezo, kuma a nan matasa suka fi gardama. Suna cewa a ajiye komai a manyan rumbunan intanet, kowane reshe ya shiga daga inda yake, magana ta ƙare, ga Starlink ma ta fara aiki a Nijar a 2025. Lallai ajiya a intanet ita ce hanya mafi sauƙi ta haɗa rassa a littafi ɗaya, amma tarihi na kusa ya ishe mu gargaɗi. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an rufe intanet na salula a Nijar wajen kwana 10. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama har da tamu, wadda ko teku ba ta da shi. Ɗauka ranar kasuwa ce, layi ya kai waje, wata tsohuwa tana jiran buhun taki ga amalankensu na shirin tashi, sai allo ya tsaya cak. Reshen da aka shirya ba ya korarta. Manhajarsa tana rubuta ciniki a cikin na'urar da ke gabansa, ta tura wa hedikwata idan rezo ya dawo. Akwatin intanet ɗinsa na da layi biyu na kamfanoni daban, kamar Airtel da Moov. Idan komai ya ƙi, akwai kundin rasit mai lamba a jere da kwafi a ƙasa, kuma kowace takarda sai ta shiga na'ura kafin a yi lissafin ranar. Abu ɗaya ne ba a yi a makance, shi ne biyan kuɗin da aka aiko ko ba da bashi mai nauyi, domin lamba ɗaya na iya karɓa sau biyu a gari biyu. Wannan sai an kira hedikwata an tabbatar. Duk mai tallata maka manhaja, tambaye shi me take yi idan ba rezo wuni guda. In ya fara kame-kame, yi masa sallama.

Na'ura kuwa kowacce za ta mutu, ko ta ƙone, ko a sace ta, ko cuta ta kulle abin da ke cikinta. Ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. Manya ma sun koyi wannan da wuya. A Yunin 2017 cutar kwamfuta da ake kira NotPetya ta shiga Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na ƙasar Danmak, ta lalata na'urorinsa a duniya cikin ɗan lokaci, har da kwamfutocin da ke riƙe sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, domin duka a haɗe suke, kowacce na kwafar ƴar'uwarta. Guda ɗaya ta tsira a ofishinsu na Gana, saboda wuta ta ɗauke a can kafin cutar ta iso. Da hannu aka ɗauki ma'ajiyarta zuwa Ingila, aka sake kafa kwamfuta 45,000 da manyan na'urori 4,000, asara ta kai dalar Amurka miliyan 250 zuwa 300. Abin lura shi ne kwafin da ke manne da na'ura kullum, abin da ya ci na'ura zai ci shi. Ka samu wanda ake cirewa a kulle, da wanda ke kwana a wani gari, na Dutsi a Tibiri, na Tibiri a Dutsi. Sa'an nan ga abin da kusan kowa ke tsallakewa: kowane wata ka ɗauki kwamfutar da ba komai a cikinta, ka dawo da littafin daga kwafi, ka nemi cinikin Talatar da ta wuce a reshen Matankari, ka gwada da rasit na takarda. Kwafin da ba a taɓa dawo da shi ba zato ne kawai.

Za ka ce Alhaji ba zai biya ba. Gaskiya ɗan kasuwa ba ya son kashe kuɗi a kan abin da bai ga ribarsa ba, kuma yana da hujja, domin an sha sayar wa irinsa kaya masu walƙiya da ba su yi masa komai ba. Daina yi masa magana da sunayen na'urori, yi masa da harshensa. Tambaye shi cinikin Kore Mairuwa na ranar kasuwa nawa ne, bashin da ke hannun mutane nawa ne, sa'an nan ka ajiye kuɗin batir da ma'ajiyar kwafi kusa da waɗannan lambobi ka bar shi ya auna, ai lissafi sana'arsa ce. Nuna masa kuma inda tsari ke rage kashewa. Idan duk rassa kwamfuta iri ɗaya da injin rasit iri ɗaya suke aiki da su, guda ɗaya ta ajiya a hedikwata ta isa maye gurbin duk wadda ta mutu, gyara da yawa kuma ta waya za ka yi shi, ba sai ka hau babur zuwa Dogon Kirya ba. Inda ba a rowa shi ne manhaja. Windows ta sata da ake sakawa a kasuwa sau da yawa da cutarta take zuwa, in kuɗin lasisi ya yi yawa akwai Linux da LibreOffice da ba a biya. Ko gyara na halal ma kada ka sake shi ga duk rassa rana ɗaya. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta tsayar da kwamfuta kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Fara da reshen da ya fi kusa da kai, a ranar da ba ta kasuwa ba, ka ga ya kwana lafiya kafin ka wuce gaba.

Akwai haɗarin da ke zuwa bayan an yi nasara, lokacin da maigida ya fi yarda da na'ura a kan mutanensa. Ina roƙonku ku riƙe labarin gidan waya na Birtaniya. A 1999 aka sa wa rassansa manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar tana da kurakurai da ke nuna giɓin kuɗi inda ba a ɗauki ko ƙwandala ba. Maimakon a binciki na'ura, sai aka tuhumi masu riƙe rassa. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900, wasu aka ɗaure su, wasu suka karye wajen biyan abin da ba su ci ba, wasu suka mutu ba a wanke su ba. Sai a 2019 kotu ta tabbatar da kurakuran, a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Wannan fa a ƙasa mai yalwar lauyoyi da jaridu. A Gesheme ko Dankasari, yaron da allo ya ce akwatinsa ya yi giɓi, wa zai tsaya masa in ba kai ba? Kai ne ka san ciniki na iya shiga sau biyu idan rezo ya yanke ana tsakar turawa, ko agogon na'ura ya kauce ya jefa cinikin yau cikin na jiya. Kafin a kira kowa ɓarawo, buɗe tarihin shiga da fita, ka gwada da takarda, ka ƙirga kayan da ke ɗaki. Idan kuskuren daga tsarinka ne, faɗa da bakinka a gaban maigida. Idan kuma shi ne ya ce ka goge wani ciniki ko ka gyara lambobi, gaya masa cikin girmamawa cewa hannunka ba zai yi ba, domin littafin da aka taɓa sau ɗaya shi kansa maigidan ba zai ƙara yarda da shi ba.

Hukuma ma tana da haƙƙi a littafin nan. Dokar lissafi ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a adana takardun lissafi shekara 10, tsawon da ya fi kwanan yawancin kwamfutocin da za ka saya, saboda haka ka tabbatar manhajarka na iya fitar da bayanai yadda wata za ta karanta. Tun 2017 kuma akwai dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai lura da ita. Amma ko babu doka, kunya da tsoron Allah sun isa. A garuruwanmu kowa ya san kowa. Littafin shagon magani ya san cutar da mutum ke ɓoyewa, na aika kuɗi ya san wace mace ce mijinta ya aiko mata daga Legas ko Abijan, ya san wanda ya daina aikowa, kai kuwa kana ganin duka. Abin da ka gani a allo ba ya zuwa fada wurin shan shayi. Ka kuma koya wa ma'aikata cewa ɓarawon yanzu ta waya yake zuwa, da murya mai daɗi, ya ce daga hedikwata yake, a karanto masa lambar da ta shigo. A rubuta doka ɗaya da Hausa a manna a bango: ba a faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya ce shi ne Alhaji, a kashe a kira lambar da aka sani.

Mafi wuya shi ne wanda ya shafi zuciyarka, kuma a nan masu hazaƙa da yawa ke faɗuwa. Yaro ya buɗe imel na kamfani da lambar wayarsa, ya yi rajistar layukan rassa da katin shaidarsa, kalmomin sirri duka a kansa suke, ba takarda ko ɗaya. Wasu sakaci ne, wasu da gangan, suna cewa in na rubuta komai na ba Alhaji, gobe ya sallame ni ya sa ɗansa. Tsoron na da dalili, aiki na da wuya, kuma ana yin haka. Amma auna ɗaya gefen. Wanda ya riƙe komai shi kaɗai kansa ya ɗaure: ba ya zuwa biki ko jana'iza waya ba ta ruri, ba ya iya jinya, ba ya iya tafiya ƙarin karatu, ba za a kuma ɗaga shi ba tunda ba mai riƙe gurbinsa. Ranar da ya kwanta ciwo, abincin gidaje da yawa ya tsaya tare da shi. Ɗan kasuwa kuma ba wawa ba ne, da ya gane an riƙe shi da wuya zai fara neman mafita, ya sallame ka ran da ya samu, da mummunan suna da zai riga ka isa kowace kasuwa daga Doso har Ƙonni. Saboda haka layi da imel da lasisi su kasance da sunan kamfani. Manyan kalmomin sirri a rubuta a rufe a ambulan, maigida ya sa a akwatin ƙarfe, a sabunta duk lokacin da aka canza. Kowane reshe ya samu takarda ɗaya mai faɗin abin yi idan wuta ko rezo ko na'ura ta ƙi. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki a ranar ake rufe sunansa, ko ɗan gida ne, kai ma haka za a yi maka. Ka ɗauki ƙarami ko ƙarama ka koyar har su iya buɗe sabon reshe ba kai. Haƙƙinka kuwa ka tsare shi ta ƙofar da ta dace, da yarjejeniya a rubuce mai faɗin albashi da aiki.

Wasu za su ce duk wannan na masu aiki a bankunan Yamai ne, mu nan ƙananan shaguna gare mu. Ina ganin buƙatar ta fi tsanani a nan. Yamai na da nisan wajen kilomita 270 daga Dutsi, gwanin da aka kira daga can zai kafa, ya karɓi kuɗinsa, ya koma, bai san ranar kasuwar kowane gari ba, bai san hanyar da ke yankewa da damina ba. Ku kun sani. Ƙungiyoyin manoman dankalin turawa na Dutsi, da bankunan hatsi na ƙauyuka, da asusun ajiya da bashi, duk lissafinsu ya fi ƙarfin ido ɗaya, kuma idan littafinsu ya ɓace talakawa ne ke asara. Wanda aka shaida tsarinsa ya ratsa bazara da damina bai faɗi ba, bakinsa kuma na riƙe sirri, aiki ne zai riƙa bin sa har gida. To ku fara a wannan mako. Ku zagaya rassa ku rubuta kowace na'ura da kowane layi da sunan da ke kansa. Ku raba wa kowa nasa sunan shiga. Ku ɗauki kwafi ku gwada dawo da shi. Ku kashe akwatin intanet da gangan na awa ɗaya a ranar da ba cunkoso, ku ga abin da ma'aikata za su yi, ku gyara abin da ya bayyana. Sa'an nan ku rufe ambulan ɗin nan ku miƙa wa mai dukiya hannu da hannu. Dukiyar mutane da mutuncinsu aka sa a hannunku tun kuna da ƙuruciya, kuma za a tambaye ku a kansu. Allah Ya ba ku ikon riƙewa, Ya sa albarka a sana'arku.